Inji a Bayan Taya

Shekara uku ina bin ƙungiyar masu motocin gudu ta Almaty, kuma duk fita a ƙarshen layi ake ajiye ni. Kamfani ɗaya ne na Jamus ya ƙera motocinmu. Nasu injin yana rataye a bayan tayoyin baya, yadda aka saba tun kafin a haife su. Nawa yana tsakiya, bayan kujerar direba. Saboda wannan 'yar tazarar aka hana sunana hawa allon ƙungiya, inda ake rubuta wanda ya fi kowa gudu a tseren kaka.

Shekara biyar na yi ina karatun injiniya, na san abin da nauyi yake yi wa mota idan ta shiga kwana. Su abin da suka sani shi ne shekarar da aka canja siffar fitila. Duk da haka ni ce mai ɗauko tukunyar nama da butar shayi, wai motata tana da but na zuba kaya gaba da baya. Na ɗauka, ban taɓa makara ba.

Serikbol, shugabanmu, bai taɓa ganina ya ƙyale ba.

"Ƙanwata Raushan, ya jaririyar motarki? Ta fara haƙori?"

"Tana gaishe ka, Yaya. Ta ce ya taka, har yanzu gindinta ne ke riga kanta shan kwana?"

Bana na tsare su sai da suka bar ni na shiga tseren, amma a matsayin baƙuwa. An yi yayyafi da safe, kwalta da santsi. Serikbol ya shiga kwana ta uku da ƙarfinsa, motar ta juya da shi ta tsaya cikin ciyawa tana kallon inda ta fito. Dauren, mataimakinsa, ya yi ta lallaɓa tasa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ni na zo ta ɗaya, na riga shi da daƙiƙa huɗu.

A wajen cin abinci aka ajiye kan rago gaban Serikbol. Ya yanko kunne ya miƙo mini, rabon yara, don su riƙa jin magana.

"Kin iya tuƙi, ba musu. Sayar da wannan abar ki sayi ta gaske, yau ɗin nan in rubuta sunanki da hannuna."

Na ce, "Yaya, kamfanin da kuke wa biyayya, da ya so cin tsere, shi da kansa ya matso da injin tsakiya a motarsa ta gasa. Ko labarin bai iso ba?"

Dauren ya dire kofin shayi. "Wannan aikin yaran da aka ɗauka kwanan nan ne. Ba su san gidan ba."

"To madalla. Sai ku aika musu su zo Almaty ku koya musu."

Aka kaɗa ƙuri'a. Hannu goma sha ɗaya suka tashi, masu maiƙon rago, suka tabbatar cewa baƙuwa ba ta cin tsere. Aka rubuta sunan Dauren a allo, da lokacinsa. Na cinye kunnen tas ina kallonsu, na goge hannu, na ce a ba ni takardar da baƙi ke cikewa don shiga tseren baɗi. Na cike ta a gabansu, da motar nan tawa.

Dauren ya ɗauki kofin nasara ya kai mota. Bai yarda an ɗauke shi hoto da shi ba.