Darasin Kwamfuta a Kan Allo

Kwamfutocin sun iso makarantar sababbi fil a cikin kwalaye, kyautar wata ƙungiya. Shugaban makaranta ya sa aka jera su a ɗakin da ke jikin ofishinsa, aka lulluɓe kowacce da leda, aka garƙame ƙofa da kwaɗo.

Malamin lissafi aka ɗora wa sabon darasin, wato koya wa 'yan aji uku yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, don shi kaɗai ya taɓa yin kwas a kai. Da murnarsa ya je karɓar makulli.

"Ka san hannun yaran nan," in ji Shugaba. "Bari masu kyautar su zo su ga kayansu lafiya tukuna. Fara musu a allo."

Haka Malam ya fara. Ya tattaro kwalayen alli, ya rubuta wa ɗaya "suna", ɗaya "maki". Ya ce haka kwamfuta ke ajiye abu: akwati ne mai suna, ka zuba, ka zo ka ɗauka, ko ka juye ka zuba wani. Ya koya musu sharaɗi: idan maki ya kai rabi, rubuta "ya ci", in ba haka ba, rubuta "sai a sake". Ranar darasin maimaitawa ya sa wani dogon yaro zagaye tebur, da gangan bai faɗa masa inda zai tsaya ba. Yaron ya yi ta zagaye har jiri ya kwashe shi, aji ya ɓarke da dariya.

"Kun gani? Haka kwamfuta take, ba ta da wayo. Abin da ka ce kawai take yi."

Akwai wata yarinya a layin gaba da ake kira Lauya saboda gardama. Ita ta fi kowa ganewa.

"Malam, in na yi kuskure wa zai faɗa mini?"

"Ita da kanta."

"To ai ga ta can a kulle."

Malam ya sake komawa ofis neman makulli, ya sake, har Shugaba ya fara cewa yana waya da zarar ya hango shi. Daga ƙarshe Malam ya zana musu madannan kwamfuta a bayan kwali, suka riƙa danna takarda.

Gab da ƙarshen zango baƙi masu kyautar suka zo, wata mata mai gilashi ce jagorarsu. Aka yaye ledoji. Shugaba ya ce a fito da gwanar aji.

Lauya ta zauna, shirin umarnin da za ta rubuta na cikin kanta, babu kuskure ko ɗaya. Amma yatsunta ba su san nauyin madanni ba. Ta danna harafi ɗaya, ya fito a jere kamar tururuwa. Ta nemi alamar buɗe zance, lamba ta fito, don babu wanda ya taɓa nuna mata cewa sai an haɗa da wani madannin. Da ƙyar ta gama. Ta ba da umarni, jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ta waiwayo tana neman Malam.

Ya ɗaga ƙafa, Shugaba ya riƙe masa hannu. "Bar ta mana, ai ka koya musu."

Baƙuwar ta sunkuya kusa da yarinyar. "'Yata, sau nawa kuke shigowa nan a mako?"

Shugaba ya riga ta. "Ranki ya daɗe, ɗakin nan kullum a buɗe yake. Malamin ne ya fi sabawa da alli. Na yi magana har na gaji."

Lauya, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta zuba wa Malam ido tana jiran ya ce wani abu. Shi kuwa ya tuna takardar ƙarin girmansa da ke kan teburin Shugaba, ya tuna iyali. Ya sunkuyar da kai.

A gida matarsa ta ce, "Baban yara, ai da ka faɗi gaskiya."

"Wa zai ji?"

"Yarinyar za ta ji."

Ya ture kwanon abincin, ya fita tsakar gida.

Sabon zango ƙungiyar ta turo nata mai koyarwa, wani matashi mai fara'a, aka miƙa masa makulli a gaban kowa. Malam ya koma lissafinsa. Lauya ta kwashe littattafanta ta koma layin baya. Tana gaishe shi da ladabi, amma ba ta ƙara yi masa gardama ba, ko da ya yi kuskure a allo.

Ba a yi nisa ba yaran suka fara rubuta shirye-shirye masu aiki. A taron safe Shugaba ya kira matashin gaba, ya ce a ɗan lokaci kaɗan ya yi abin da wasu suka kasa a zango guda, a tafa masa. Malam yana tsaye a layin malamai. Na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu, shi ma ya tafa.