Abin da Na'urar Souleymane Ta Ɗauka

"Kashe moton nan, Ɗalha, yana shigo mini kunne."

Ɗalha ya murɗa makullin motonsa mai ƙafa biyu, wuri ya yi tsit. Souleymane na durƙushe a bakin rijiya, kasko, abin sauraren sauti, a kunnuwansa, jakar na'urar ɗaukar sauti rataye a ƙirjinsa. A hannunsa na dama yana riƙe da dogon mikoron nan na ɗaukar murya mai mariƙi a ƙasa, wanda yake sa wa rigar gashi don kada iska ta ɓata aiki. Tsoho Hamman mai shanu ya daka wa takarkarinsa tsawa, igiya ta miƙe tana kuka a kan itace, guga ya fito yana tsiyaya.

"Yauwa, Baffa. Sake kiran nan da ka yi wa shanun ɗazu, kada ka dube ni."

Shekara tara ke nan Ɗalha da Souleymane suna katanga ɗaya a Magariya. Souleymane ya yi shekaru a Kano yana ɗaukar wa 'yan fim sauti, ciwon mahaifiyarsa ya dawo da shi gida, da ta rasu kuma bai koma ba. A watan jiya wasu masu shirya fim daga Damagaram suka zo wannan rijiya da ke gabas da Mallawa, suka ɗauki hoton masu shayar da dabbobi, amma iska ta lalata musu sautin. Shi ne suka aiko shi ya sake ɗauka. Duk inda za shi, Ɗalha ɗan kabu-kabu ke kai shi, don a cewarsa shi kaɗai ne mai moton da ya iya yin shiru.

Hamman ya buɗe baki zai yi kira, sai Souleymane ya ɗaga hannu. Ya karkata kai, ya danne kaskon da yatsu biyu.

"Akwai mutane tafe. Da yawa, kuma da gudu."

Ɗalha bai ji komai ba. Souleymane ya miƙe tsaye, ya juya mikoron wajen gonakin gero da aka girbe, yana bin ƙarar da shi kamar yadda ya saba. A haka mutanen suka fito daga bayan karan dawa suka same shi, da abu dogo baƙi a hannu, ya auna su.

"Ga shi nan! Bindiga ce! Wallahi bindiga ce!"

Sun fi ashirin, da gora da adda da fartanya. Na gabansu wani dogo ne mai jajayen idanu, ana kiransa Nassirou. Shekaranjiya ɓarayi suka shiga ƙauyensu bisa motoci masu ƙafa biyu, suka kore shanu, suka harbe ƙanensa Ammar a ƙofar garke. Tun ranar ake cewa akwai masu zuwa da rana su leƙa gari su kai wa ɓarayin labari. Yau kuma wata mata mai itace ta koma gida ta ce ta ga baƙi a rijiya da ƙarfe mai eriya.

Souleymane ya sauke mikoron a hankali, ya zame kaskon zuwa wuya.

"Salamu alaikum, bayin Allah. Ba bindiga ba ce, murya nake ɗauka. Ga takardata ta gwamnati daga ofishin farfe, ku duba."

Nassirou ya fizge takardar, bai ko kalle ta ba, ya dunƙule ta ya jefa cikin komin ruwa.

"Muryar wa? Ka kai wa wa?"

"Nassirou, ka ji tsoron Allah," in ji Hamman, ya shiga tsakaninsu. "Baƙina ne. Tun hantsi muke tare, ruwa kawai nake ja yana saurare."

Wani ya cafki rigar tsohon zai janye shi gefe, rigar ta yage. A ɗamararsa ga ɗan akwati baƙi mai eriya, da waya siririya da ta hau har wuyan riga. Ƙaramin mikoro ne da Souleymane ya maƙala masa don muryarsa ta fito sarai in yana tafiya bayan takarkari.

"Oba-oba! Har sun ɗaura wa tsoho oba-oban magana da ɓarayi bai sani ba!"

Daga nan babu wanda ya sake jin maganar wani. Gora ta farko ta sauka a kafaɗar Souleymane, mikoron ya faɗi, aka bi shi da ƙafa har rigar gashin ta tsage. Ta biyu ta same shi a ƙeya. Ya durƙusa, ya rungume jakar ƙirjinsa da hannu biyu, ya dunƙule a kanta.

Ɗalha ya yi tsalle daga kan moto yana ihu. "Maƙwabcina ne! Ku tsaya ku ji!" Bai kai ba wani ya tare shi da ƙotar fartanya a baki. Ya ji haƙoransa biyu sun faɗo kan harshe. Aka kayar da shi, mutum biyu suka danne masa hannuwa, na uku ya ɗora gwiwa a ƙirjinsa ya sa masa kaifin adda a maƙogwaro. Ƙarfen na da ɗumin rana. Ɗalha ya ji fata ta buɗe kaɗan, jini ya gangara cikin riga.

"Kai ma nasu ne? Yi magana!"

Daga inda yake kwance yana hango ƙafafu sun kewaye Souleymane, gorori na tashi suna sauka. Ƙarar ta sauya, ta daina zama ta itace a kan ƙashi, ta koma kamar ana dukan jiƙaƙƙen buhu.

"Ni ɗan kabu-kabu ne," in ji Ɗalha, jini na fita tare da maganar. "Ɗauko shi kawai na yi a tasha. Ban san shi ba. Wallahi ban san shi ba."

Mai addar ya dube shi, ya tofa masa yawu a fuska, ya tashi. Wasu suka kwantar da moton, suka buɗe tanki suka ƙyasta ashana. Ɗalha ya tsaya a kwance, babu mai riƙe da shi kuma, amma bai tashi ba.

Hamman ne ya rarrafa ya faɗa kan Souleymane, ya rufe shi da jikinsa. Gora ɗaya ta karya masa hannu. Ganin jinin tsoho da suka sani tun suna yara ya sa wasu suka ja baya. Ana haka maigari ya iso yana haki, rawaninsa a hannu, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu. Duk wanda aka kira sai ya sunkuyar da kai ya sulale. Nassirou ne na ƙarshe. Ya tsaya yana kallon gorarsa, sannan ya yar da ita ya bi sauran.

A amalanken shanun Hamman aka ɗora Souleymane za a kai shi gidan likita na Mallawa. Ɗalha ya zauna ya ɗora kansa a cinya. Gefen kan ya lotsa, ido ɗaya ya rufe, jini na fitowa daga kunne. Har yanzu hannuwansa na kan jakar, a ciki kuwa 'yar jar fitila tana ci.

"Ɗalha."

"Na'am, Yaya Sule. Ga ni."

"Sun taɓa ka?"

"Kaɗan ne. Kada ka yi magana, mun kusa."

"Danna mai jan nan. Ta daɗe tana tafiya."

Ɗalha ya danna, fitilar ta mutu. Souleymane ya ce ruwa, aka ɗiga masa a leɓe. Ya fara kalmar shahada, Ɗalha na tayawa. Ba su kai rabin hanya ba kan ya yi nauyi a cinyarsa. Mai tuƙa amalanken ya waiwayo, ya ga fuskar Ɗalha, ya daina dukan shanun.

Ɗalha ya san inda katin na'urar yake, sau nawa ya ga Souleymane yana cire shi. Rantsuwar da ya yi tana cikin katin nan. Ya buɗe 'yar ƙofar gefen, ya ɗora farcensa a kai. Yashi ne ko'ina a hanyar, abu kamar ƙwayar gyaɗa in ya faɗa babu mai sake ganinsa. Ya daɗe a haka, amalanke na girgiza su. Daga baya ya mayar da ƙofar ya rufe.

Washegari bayan an yi jana'iza, jandarmomi suka kira shi. Na'urar na hannunsu, babbansu ya kunna abin da ta ɗauka, ya ce ya faɗi duk muryar da ya gane. Aikin Souleymane ne, komai ya fito tas: kukan igiya, numfashin takarkari, tafiyar ƙafafu daga nesa, sunan Nassirou a bakin Hamman, sunayen da maigari ya kira. Can tsakiya, a ƙarƙashin ƙarar gorori, sai ga muryarsa shi kansa, tana rantsuwa. Jandarman ya ɗago ya dube shi, ya mayar da kai kan takarda ya ci gaba da rubutu. Kafin la'asar an kamo mutum bakwai.

Da ya dawo unguwa bai shiga gidansa ba. Ya yi sallama a ƙofar maƙwabcinsa. Habsatou, matar Souleymane, na zaune a tabarma a tsakar gida cikin mayafin takaba, da faifan wake a cinya, tana tsince na sadakar uku. Matan da ke tare da ita suka matsa cikin ɗaki. Ɗalha ya tsuguna daga nesa, kusa da randa.

"Sannu, Ɗalha. Yaya bakin?" in ji ta. "An ce kai ka riƙe shi har ƙarshe. Allah ya saka maka."

"Maman Ruma'isa, akwai abin da za ki ji a wajen shari'a. Gara ki ji daga bakina." Maganar na fita da ƙyar ta gurbin haƙoran. "Da suka sa mini adda a wuya, na ce ban san shi ba. Har na rantse."

Hannunta ya tsaya cikin waken.

"Ya ji?"

"Ban sani ba. A amalanke tambayata ya yi ko sun taɓa ni."

Ta dubi ƙyallen da aka ɗaure masa a wuya, inda jini ya ɓullo ya bushe. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tsinta. Ɗalha ya zauna a ƙasa inda yake, inuwar katanga na matsowa kansa, yana jin tsakuwa tana faɗawa cikin kwanon da ke gefenta ɗaya bayan ɗaya.