Na Uku

Ranar da kurtun ya iso rundunar, Kofur ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, ga Na Uku." Ɗaki ya ɗauka da shewa.

Daɗi ya kashe kurtu. Shi ya zo na uku a harbi a makarantar horo, sai ya ɗauka labarinsa ne ya riga shi zuwa. Har uwarsa ya buga wa waya ya ce, "Inna, a nan ma sun san ni." Da aka ɗora masa oba-oba, rediyon nan mai doguwar eriya da ake goyawa, girma ya ɗauke shi. Sati guda yana goge ta, yana riga kowa fita fareti, ana tafa masa.

Safiyar sintirinsa na farko ya je sito karɓar batir. Mai sito, tsohon soja mai ɗingishi, ya miƙo masa yana girgiza kai.

"Ɗana, ka riƙa sunkuyawa. Na Biyu tsayi ne ya cuce shi."

"Wane Na Biyu, Baba?"

"Wanda ka gada mana. Na Ɗaya ya yi wata biyu, shi kwana tara. Ai eriya maharbi ke fara nema." Sai ya ga fuskar kurtun, ya saki baki. "Au, ba su gaya maka ba?"

Batir ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

A waje mota na ruri, mutum goma sha ɗaya sun hau. Ƙarti da gemu, sun zauna sati guda suna kallon ɗan mutane yana murna da lambar gawa, babu wanda ya ji kunya. Kurtu ya tsaya a gindin motar.

"Hau mana, Na Uku, ko sai an shimfiɗa maka darduma?" in ji Kofur.

"Ba zan hau ba sai wani ya faɗi sunana."

Wannan ya kalli takalminsa, wancan ya hau gyaran hula.

"Yaro, umarni ne," in ji Saje.

"Yallaɓai, sunana."

Saje ya laluba aljihu, ya zaro takarda, ya bi layi da yatsa. Ya karanta, bai ma faɗe shi daidai ba.

Kurtu ya hau. Yana zama, na dama da na hagu suka muskuta nesa da eriyar, suka bar masa fili.