Wanda Ya Ce A Cire Takunkumi

Su dai 'yan kwamitin diyyar nan ba su taɓa shaƙar hayaƙi ba, wannan ko tantama babu. Suna zaune can hawa na sha biyu, sanyi na kaɗa musu wuya, wai su ne za su yanke wace cuta ce ta aiki, wace ce ta ƙaddara. Jeri suka yi. Jeri! Wannan ciwon dajin, gobara ce ta kawo maka, wancan kuwa daga gidanku ka zo da abinka. Irin na Inchol ba ya ciki, saboda haka sai ya kawo hujja. Mutumin da aka huda wa maƙogwaro, shi zai tsaya gabansu ya yi bayani?

Bang Doksu na zaune a bencin asibiti, farar takarda a gwiwarsa. Shekara talatin da ɗaya yana aikin kwana-kwana a Ansan ta ƙasar Koriya, sha huɗu daga ciki shi ne kyaftin, kuma Pyo Inchol a hannunsa ya koyi riƙon tiyo. Gobe kwamiti zai zauna. In sun ƙi, ba diyya, ba kuɗin magani, 'ya'ya biyu a sakandare…

Layi uku kacal Sonhwa ke so. Matar Inchol. Ɗazu ta miƙo masa takardar da hannu biyu, kanta a sunkuye. "Kyaftin, sun ce kowa an ba shi takunkumi. Wanda bai sa ba, sakacinsa ne. Ka rubuta musu abin da ya faru kawai."

Kawai!

Abin da ya faru… masana'antar roba, rani, kwana biyu tana ci da wuta. Wuta ta mutu, saura tonon toka. Ga Inchol can cikin ɓaraguzai, sabon shiga, har yanzu fuska a rufe, tukunyar iska a baya. Shi kuwa Bang, daga saman mota, don kowa ya ji:

"Kai, amarya! Kwalliyarki ce ba ki so ta lalace? Cire mana, mu ga ko namiji aka turo mini!"

Dariya. Har direba sai da ya riƙe ciki. Inchol ya cire. Bai sake sawa ba in wuta ta mutu — shekara goma sha huɗu.

To laifinsa ne? Shi wa ya koya masa? Bai yi jami'a ba, a bakin wuta ya yi karatunsa, kuma manyansa da tawul jiƙaƙƙe a hanci suke shiga. Tukwanen iska nawa ne a tashar a lokacin? Shida, ga mutum tara! Su rubuta wannan mana. Rigar da ta fi baƙi ita ce ta jarumi, wa yake wanke ta? A ɗakin kwana suke rataye ta, kusa da kai. An gama aiki a wuce shagon wata tsohuwa, a gasa naman alade mai kitse, kowa ya san kitse na wanke toka daga maƙogwaro. Kowa! Uwarsa ta faɗa, mahaƙan kwal sun faɗa. Shi da kansa yake naɗe yanka a ganyen latas ya cusa wa Inchol a baki — ci, amarya, magani ne…

Magani.

Wata nas ta wuce da keken marasa lafiya, tayar na ƙara. Ya janye ƙafa. Yana so ya yi wa wani ihu, ko wa ma. Na'urar sayar da shayin nan da ta haɗiye masa tsabar kuɗi ta isa.

Da ma Inchol zaginsa ya yi. Da ya fi sauƙi. Ɗazu da ya leƙa ɗakin, mutumin ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa, ya jawo waya ya rubuta, ya juyo masa da ita: "Yaya, amaryarka ta yi muni ko?" Kuma yana dariya. Dariya ba murya, iska ce kawai ke fita ta ramin wuyan.

Zai iya rubuta cewa kayan aiki ba su isa ba. Gaskiya ce. Rabinta. Su kuma su buɗe kundinsu su ce ga sa hannunka, Kyaftin Bang, duk wata kana shaida cewa komai ya wadata — shi ke nan, an rufe. Sai dai ɗaya rabin. Ni na ba da umarni. Ni na yi masa ba'a a gaban mutane. Ba shi kaɗai ba…

Alƙalamin ya tsaya a saman takardar.

Ba shi kaɗai ba. Tara ne. Chansu da aka ce hanta ce, giya ce, aka binne shi bara, shi Bang har da jawabi a makabarta. Dogo Ma da ya daina ɗaga waya tun kaka. Wa ya tambaya me ya sa? In ya rubuta wannan layin, ba na Inchol kaɗai ya rubuta ba. Gobe wata matar za ta tsaya a ƙofarsa, jibi wata.

Ƙofar ɗakin ta buɗe kaɗan. Sonhwa ce, hannunsa take kallo.

Ya rubuta "Ni". Hannun da ya taɓa sauko da mutum daga hawa na bakwai, ga shi ya kasa wuce haruffa biyu. Ya so su, duk taran, da wannan son ya kai su nan. Kai da kake da tsabtar hannu, ba ka taɓa koya wa wani abin da aka koya maka ba tare da ka tambaya ba? Ce a'a mana. Faɗa da ƙarfi, yana jinka.