Jan Biro a Tsakar Gidan Inna

Daren jiya mafarki ya kai ni Amurka ta shekara ɗari biyu da suka wuce. Rana tsaka ce, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa cikin gajimare. A ofishin gari wani bunsuru mai tabarau ya duba katina na aikin jarida, ya cinye rabinsa, ya ce in wuce, marubuci yana jirana.

Marubucin tsoho ne mai suna Hezekiya, gajerun labarai yake rubutawa. Duk abin da zamani ya rushe, in ya rubuta shi, sai ya dawo ya tsaya a bayan gidansa. Na ga wata gadar katako da kujerar wani alƙali.

"Mutanena sun kori sarki, sun kawo zaɓe da jirgi mai hayaƙi," in ji shi. "Ban ce ba kyau ba. Amma yanzu ba mai zama ya ƙarasa hira. Kai me aka ɗauke maka?"

"Gidanmu na Funtuwa, titi ya bi ta kansa. Da mahaifiyata, ita rasuwa ta yi."

Ya tsoma alƙalami. Yana rubutu tsakar gidan tana fitowa, randa, igiyar shanya, inuwar dalbejiya. Can ga Inna bakin murhu tana tsinke zogale.

"Auta, ka rame," ta ce. "Aikin naku ba a cin abinci ne? Zo zauna."

"Duba mini tukuna," in ji tsohon. Ya miƙo shafi uku.

Shekara ashirin da biyu ina tace labarai. Hannuna ya zaro jan biro bai tambaye ni ba. Na soke "a hankali", Inna ta fara tsinka da sauri. Labarin ya yi tsawo, sai na yi yadda muka saba, na yanke sakin layi na ƙarshe. A jarida, abin da ya fi muhimmanci a sama yake.

Na ɗago kai. Randa tana nan, murhu yana ci, ga faifan zogale a ƙasa, babu Inna.

"Ni a ƙarshe nake ajiye mutane," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, sake rubuta ta."

"Ba na rubuta mutum sau biyu."

Na durƙusa na taɓa kujerarta 'yar tsugunne. Da sauran ɗumi. Ina nan durƙushe na ji maƙwabcina yana ta faman tayar da babur ɗinsa, na farka.