Ranar da Boyana Ta Bi Darakta

Baba Tsveta ta tokare ƙofar filin wasan yara da ƙafa ɗaya, jikarta Boyana na rungume a ƙugunta, ta nuna allon da ke rataye jikin shinge da haɓa.

"Karanta, maƙwabci."

Lyuben, tsohon direban bas da ke zaune a hawa na biyu na benenmu, ya gyara tabarau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Na karanta. An hana akuya shiga. Ni kuwa ban zo da akuya ba."

"Kare ne!"

"Da ƙaho?"

"Kunnuwa ne, kai ma ka sani."

"To wanda ya zana ya je ya ga kare tukuna." Ya waiga ga jan karensa mai dogayen kunnuwa. "Darakta, zauna."

Karen ya zauna. Lyuben ya ƙare ƙuruciyarsa daraktoci suna ba shi umarni, don haka da ya yi ritaya ya samo kare ya raɗa masa wannan suna, yanzu kullum shi ke cewa Darakta ya zauna, Darakta ya kwanta, Darakta ya daina cin shara.

Tun da aka gina benayen nan a gefen birnin Sofiya, karnuka ke ratsa filin wasan ba wanda ya ɗaga kai. Nan ne kaɗai ke da inuwa, kuma nan ne gajeriyar hanyar gidan burodi. Darakta har layin abin zamiya yake bi, ya fi yaran haƙuri. Sai kwatsam a farkon bazara Baba Tsveta ta tashi da yaƙi. Ta yi maganar kashi a cikin yashi, ta yi maganar ƙuma da haukan kare, ta tara tsofaffin da ke zama kan benci, ta zana allo da kanta. Mutane suka ce tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. 'Yarta Desislava tana aikin otal a Balensiya, can ƙasar waje, ta bar mata Boyana tun tana jaririya, a kan cewa da zarar yarinyar ta fara tafiya za ta zo ta ɗauke ta, don gidan renon da ke kusa da otal ɗin ba ya karɓar mai rarrafe. Wata safiya a cikin filin nan Boyana ta hangi Darakta, ta dafa benci ta miƙe, ta bi shi tiƙis-tiƙis har gindin lilo. Baba Tsveta ta sure ta kamar an ce wuta ta kama. Daga ranar ba ta ƙara sauke ta a gaban mutane ba. A gida yarinyar ba ta damu da tafiya ba, tunda komai ana kawo mata har baki, amma ta ga karen nan sai ƙafafunta su fara ƙaiƙayi. Tsohuwar ba ta ƙin kare. Ɗakin da babu motsin kowa take tsoro, irin wanda ta zauna a ciki bayan rasuwar mijinta.

Yau kuwa Desislava na gari, gobe jirginta. Tana zaune kan benci tsakanin tsofaffi, idanunta sun kumbura. Tun safe take kuka wai 'yarta ta shekara da rabi ba ta taka ba, wai don ta tafi ta bar ta ne. Kowane hawaye sai ya soki Baba Tsveta a ƙirji, amma ta daure, ta ce gado ne, kakan yarinyar ma sai da ya iya zagi kafin ya iya tafiya.

"Maƙwabciya," Lyuben ya rage murya, "hannunki bai gaji ba? Yarinyar nan ta kai buhun dankali."

"Hannuna ne ko naka?"

"Naki ne. Ido kuwa nawa ne, kuma ranar da kika sure ta a gindin lilo yana buɗe."

Kafin ta samo amsa sai ga Violeta mai gyaran gashi ta turo keken jarirai, an lulluɓe shi da farin mayafi, tana 'yar waƙarta.

"A ba mu hanya, Baba Tsveta, yaro zai sha iska."

"Yaushe kika haihu, Violeta?"

"Ba a tambayar mace irin wannan."

Abin da ke cikin keken ya yi haushi.

"Tari yake," in ji Violeta.

Baba Tsveta ta fizge mayafin. Wani ɗan mitsitsin kare ne sanye da hular saƙa, an ɗaure masa ita a ƙarƙashin haɓa, yana kallonta da manyan idanu kamar shi ma abin ya ishe shi. Violeta ta danna keken gaba, tsohuwar ta danna baya. Benci ya rabu biyu, masu jikoki na ihun a fitar da shi, masu karnuka na cewa ai ya fi wasu jikokin tarbiyya. Keken ya fara cin ƙarfin hannu ɗaya. A cikin zafin rigima Baba Tsveta ta yi abin da ta yi watanni tana kiyayewa: ta dire Boyana a kan yashi don ta kama keken da hannu biyu.

Darakta bai karya doka ba, wannan kowa ya shaida. Yana wajen shinge. Tattabara ya gani, ya tashi ya bi gefen shingen da sassarfa. Boyana ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, ta kakkaɓe yashin hannunta, ta bi shi ta ciki. Ba tangaɗi, ba ɗaga hannuwa sama. Ta kewaye lilo, ta tsallake wata motar roba, da ta ga karen zai tsere mata sai ta ƙara da gudu.

Filin ya yi tsit. Har karen Violeta ya yi shiru.

Desislava ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta ɗauke 'yarta tana sumbatarta tana dariya da kuka a haɗe. Can sai dariyar ta tsaya. Ta sauke yarinyar, ta ga ta sake kama hanya abinta, ta juyo a hankali.

"Mama. Wannan ba tafiyar yau ba ce."

Baba Tsveta ta saki keken Violeta.

"Ta yau ce," in ji Lyuben daga bayan shinge. "Kullum ina nan, 'yata. Yau ta fara."

"Kawu Lyuben, gudu fa ta yi!"

"Yaran zamani ke nan. Abincin gwangwani ne."

Baba Stoyna, wadda ta fi kowa tsufa a kan bencin kuma take yanke hukunci a kan komai tun daga tsamin kabeji har auren 'ya'yan mutane, ta buga sandarta a ƙasa.

"Jikana Plamen sai da ya hau keke kafin ya zauna. Me kike nema, Desi? Yarinya ta taka, ki gode wa Allah."

Sauran tsofaffin suka gyaɗa kai gaba ɗaya, ba wadda ta kalli Baba Tsveta. Nan ta gane duk sun sani. Watanni suna taya ta zagin karnukan da ba su yi musu komai ba, wasunsu ma suna ɓoye musu ƙashi a jaka. Kunya ta rufe ta, sai kuma wani abu mai ɗumi ya biyo baya.

"To," in ji Desislava tana goge ido, "gobe tare za mu tafi. Bari in kira kamfanin jirgi."

"Ba inda za ta ba a mirgina mata burodin fara tafiya ba," in ji Baba Stoyna. "Mu ba mu san Balensiya ba. Tsveta, je ki kwaɓa."

Haka ta hau sama ta kwaɓa fulawa, tana naushin ƙullin kamar shi ya yi mata laifi. Boyana na zagaya kicin tana buɗe kowace durowa, yanzu da ba mai hana ta. Daga ɗaki ana jin ƙarar zip ɗin akwati.

Da la'asar aka shimfiɗa farin zanen gado a tsakiyar filin. A ƙarshensa aka jera abubuwan da yaro zai zaɓa a san sana'arsa: biro, cokali, almakashin Violeta, abin awon zafin jiki, da tsohuwar hular direba ta Lyuben. Desislava ta durƙusa ta mirgina kewayayyen burodin don yarinyar ta bi shi, ya tafi tsaf ya kwanta. Boyana ta dube shi, ta zauna daɓas ta fara cire takalmi.

Aka sake mirginawa. Aka tafa, aka kira ta, aka yi mata rawa. Ko gezau.

"Sai an shigo da karen nan," in ji Baba Stoyna.

"Ni mai bin doka ne," in ji Lyuben, ya harɗe hannuwa. "Sai in mai dokar ta gayyace mu da bakinta."

Baba Tsveta ta yi kicin-kicin da fuska. "Ka shigo."

"Ni kaɗai?"

"Lyuben, kada ka ƙure ni."

"Ba ni za ki faɗa wa ba. Ga shi nan."

Ta dubi karen, karen ya dube ta. "Ranka ya daɗe, Darakta, bismillah."

Aka mirgina burodi, Darakta ya bi burodi, Boyana ta bi Darakta, Violeta ta bi su duka tana ɗaukar hoto. Da ƙyar aka ƙwaci burodin da ɗan gutsure a gefe. Yarinyar ta wuce biro da almakashi ko kallo, ta cafki kunnen karen ta riƙe gam. Aka yi ta gardama ko likitar dabbobi za ta zama ko 'yar sanda, har Baba Stoyna ta ce a bari, saura babban aiki.

Babban aikin shi ne rabo. Ana gutsuttsura burodin a kan faranti, mutum ɗaya ya ruga da shi ƙofa-ƙofa yana miƙa wa maƙwabta, da gudu, ba tsayawa. In ya yi gudu lafiya, yaro zai yi ƙafa mai sauƙi duk rayuwarsa. In ya yi tuntuɓe, haka yaron zai yi ta faɗuwa a duniya. Uwa ce ke yi, amma Desislava ta dubi dogon takalminta, ta dubi benen da rabin mazaunansa ba ta sani ba yanzu, ta miƙa farantin.

"Mama, ke kika raine ta."

"Da wannan gwiwar?" in ji wata daga benci.

Baba Stoyna ta yi gyaran murya. "Ku dai sani, in aka yi tuntuɓe sai an sake komai daga farko. Kuma ba a sakewa sai wata bazarar. Kafin nan yaro ba ya ƙetare ruwa."

"Ban taɓa jin wannan ba," in ji Desislava.

"Ina za ki ji, kina can kina gyara gadon baƙi?"

Desislava ta gyara jakarta a kafaɗa. Tana cewa ba ta yarda da camfi ba, amma har yau ba ta aje jakarta a ƙasa, wai kada kuɗi su gudu. Duk wanda ke wurin ya san in aka faɗi, ba za ta iya ɗaukar yarinyar ba.

Lyuben ya ja karensa ya nufi ƙofa kamar mai tafiya gida. Daidai bakin ƙofar, inda ba wata hanyar fita, ya tsaya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Darakta, kwanta."

Karen ya miƙe a gicciye, ya cike ƙofar daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Lyuben ya ɗago ya dubi Baba Tsveta, ya ɗan ɗaga kafaɗa. Wa zai zargi tsohuwa in ta ci karo da kare a filin wasan yara? Ai ta sha faɗa, har allo ta rataya.

Ta karɓi farantin. Ta dubi Boyana, da ke tsaye a kan zanen da takalmi ƙafa ɗaya tana tsotsar ɓawon burodi, ta ji son yarinyar ya cika ta har yana mata ciwo. Ƙarin shekara guda cur tare da yarinyar, ga ta nan kwance a bakin ƙofa tana kaɗa wutsiya. Faɗuwa ɗaya ce kawai. Camfi ne, kowa ya san camfi ne. Sai dai Balensiya na da nisa, kuma in yarinyar ta faɗi a can, ba ta kusa balle ta ɗaga ta.

Ta fara gudu. Irin gudun tsofaffi ne, kafaɗu sun fi ƙafa sauri, ɗankwalinta ya zame, silifas na faf-faf a kan yashi. Benci ya miƙe tsaye. Lyuben ya riga ya miƙo hannuwa don ya tare ta kada ta ji ciwo.

Baba Tsveta ta tattare siket da hannu ɗaya, ta tsallake karen.

Ta dira da ƙafa biyu, gwiwarta ta yi ƙara, ko gutsure ɗaya bai faɗo daga farantin ba. Ba ta waiwaya ba. Ta miƙe hanyar benen tana gudu, hawaye na shiga mata baki, tana ƙwala wa na hawan ƙasa kira su buɗe ƙofa, jikarta ta fara tafiya.