Allin Tela

"Ya ce ya yarda da na ƙashin," in ji ƙanen Tela.

Ina tsaye a gefen gadon riƙe da flas ɗin shayi, kuma wallahi ba haka ya ce ba. Shekara goma sha ɗaya shagon Tela na jikin ƙofata, ko tari ya yi na san abin da yake nufi. Amma tun da aka cire masa muƙamuƙin sama saboda ciwon daji, maganarsa ta koma ta hanci, ƙanen ne ke fassara wa likita.

Likitan ya sake bayani. "Ko a yi masa farantin roba mai haƙora ya toshe ramin, ya riƙa cirewa yana wankewa. Ko mu yanko ƙashi daga ƙafarsa mu gina masa sabon muƙamuƙi. Aikin yana da tsawo, kuma zuciyarsa ba ta yaro ba ce."

Na san zaɓinsa. Kwana uku kafin nan ya rubuta mini da allin ɗinki a teburin shago: "Ƙafa ke taka keke ta ci da ni. Shi baki ci kawai ya iya." Har dariya muka yi.

Nan ma ya laluba aljihu, ya ciro allin, ya rubuta ROBA a kan durowar asibiti. Kafin likita ya ɗago daga takardunsa, ƙanen ya jingina gwiwar hannu a wurin, ya goga.

"Sa hannu, Yaya. Na robar ne," ya raɗa masa.

Tela ba ya karanta harshen takardar. Ya sa hannu. Na buɗe baki na rufe. Maƙwabciya ce ni, ba jini ba.

Da ya farfaɗo bayan aikin, bargo ya fara ɗagawa. Ya ga ƙafar a naɗe har gwiwa. Bai kalli ƙanensa ba. Ni ya kalla.

Kwana na shida zuciyar ta tsaya.

Bayan jana'iza na tare ƙanen a ƙofar shago. "Na ga alli a hannun rigarka ranar nan."

"Haba, Iya! Don fuskarsa na yi. Ba ki ga yadda ake kau da kai in ya fito ba?"

"Shi ya ce maka ya damu?"

Ya miƙo mini makulli in share wurin, ya wuce.

Wata riga na nan ƙarƙashin allura, ɗinkin ya tsaya a rabin hannu. A matakin keken, daidai inda ƙafarsa ta cinye fenti, ƙarfen na ta sheƙi.